Ku Tambayi Anti: Yaron Da Ya Gagara Yau, Shikenan Ya Lalace Har Abada?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan kamar kun haɗa baki, wasiƙun da suka shigo kusan rabinsu a kan yara ne masu tashen balaga, wannan ta ce nata ya daina zuwa makaranta, wancan ya ce nasa ya fara shaye-shaye, kuma ƙarshen kowace wasiƙa tambaya ɗaya ce, Anti me zai zama in ya girma. Na zaɓi huɗu, na cire sunaye da unguwanni kamar yadda muka saba. Masu tambayar girki da gyaran jiki ku yi haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA TA FARKO

Anti barka da aiki. Yarona ne ɗan fari, shekararsa 15 yana aji ɗaya na babbar sakandire. Wallahi Anti yaron nan har ya gama firamare ba a taɓa kawo min ƙararsa ba, shi ne ma mai jan ƙannensa zuwa islamiyya, amma tun bara ya canza kamar an musanya min shi, ya saka kayan makaranta ya fita ashe ba can yake zuwa ba, dare sai ƙarfe sha ɗaya, ƙarya kuwa kamar ya haɗiyi rediyo, kwanaki ya ɗauke min dubu biyar a jaka kuma na ji warin taba a rigarsa. An kira mu makaranta an ce saura gargaɗi ɗaya a kore shi. Babansa ya ce hali zanen dutse ne shi ya cire hannunsa, kakarsu kuma ta ce ƙuruciya ce kowa ya yi zai daina. Ni na rasa wa zan bi, ko barci ba na iya yi. Daga wata uwa a Zariya.

AMSA

'Yar'uwa sannu, Allah ya sanyaya miki. Gaskiya babansa da kakarsa kowa ya riƙe rabin magana ne ya saki rabi, kuma rabin da kowannensu ya saki shi ne mai amfanin.

Bari in fara da abin da zai goyi bayan tsoronki, don ba zan ɓoye miki ba. A Birtaniya akwai wani dogon bincike da aka yi a kan yaran da aka haifa cikin mako ɗaya a watan Maris na 1946. Da suka kai shekara 13 da kuma 15 aka sa malamansu na aji suka faɗi halin kowa, wa ke gudun makaranta, wa ke ƙarya, wa ba ya jin magana, wa horo ba ya yi masa tasiri. Yara 3,652 aka auna haka, aka kuma ci gaba da bibiyarsu har suka kai shekara 53, aka fitar da sakamakon a 2009. Cikin waɗanda malamai suka ce rashin jinsu ya yi tsanani, wajen kashi 65 cikin 100 sun bar makaranta ba ko takardar shaida ɗaya, su kuwa masu natsuwa wajen kashi 31 ne. Da aka haɗa wahalhalun rayuwa wuri ɗaya, wato mutuwar aure da matsin kuɗi da ciwon damuwa da makamantansu, kashi 40 na masu tsananin rashin ji sun faɗo cikin rukunin da ya fi kowa shan wuya, masu natsuwa kuwa kashi 17. To kin ga maganar kaka ta cewa a zuba ido kawai ba ta tsaya da ƙafafunta ba, abin yana bin mutum.

Amma ki sake duba lissafin nan da kyau. In 40 sun faɗa, ina sauran 60 ɗin? Ba su faɗa ba. Yaran da malamansu suka riga suka sallama, fiye da rabinsu ba su ƙare a wancan rukunin ba. Wannan kuma shi ne abin da za ki kai wa babansa.

Sai abu na biyu, wanda shi ya sa da na karanta wasiƙarki na ɗan ji sanyi a inda kika ce har ya gama firamare ba a taɓa kawo ƙararsa ba. A garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan an bibiyi yara 1,037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973 tun suna shekara 3, har yau ana binsu sun haura hamsin. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Terrie Moffitt da ta yi aiki a kansu ta fito da bayani a 1993 cewa kangararrun samari iri biyu ne duk da a ido kamarsu ɗaya in suna shekara 15. Akwai wanda tun yana shekara huɗu biyar yake cizo da duka, a firamare sata da cin zalin yara da azabtar da dabbobi, a gida haka a makaranta haka a unguwa haka, to shi wannan in ba a tashi tsaye ba abin yakan bi shi har girma, kuma su kaɗan ne, wajen ɗaya cikin goma na mazan da aka bibiya. Sai kuma mai yawan, wanda lafiya lau ya taso sai da balaga ta zo ya birkice, jikinsa ya zama na manya amma gida da gari suna kallonsa yaro, sai ya riƙa kwaikwayon fitinannun unguwa don su ne yake gani kamar sun ci gashin kansu, taba da dare da taurin kai duk hanyar cewa ni ma na girma ce. Irin wannan mafi yawansu suna saukowa. Ga kuma ƙwaƙwalwa, ɓangaren gaban goshi da ke riƙe linzami ya ce tsaya ka yi tunani ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali son daɗi da son yabon abokai tuni suka yi ƙarfi tun farkon balaga, doki ya ƙoshi linzami bai zauna ba.

Bisa abin da kika rubuta ɗanki ya fi kama da na biyun. Amma kar ki ce Anti ta ce in kwanta, don masaniyar nan Moffitt ta kuma faɗi abin da ni a wajena ya fi komai muhimmanci, wato tarko. Halin yana wucewa, abin da halin ya jawo shi ne ba ya wucewa. Yaro ya yi haukarsa ta shekara biyu ya dawo hankalinsa yana 19, sai ya waiga ya ga an kore shi daga makaranta ba shi da sakamakon WAEC ko NECO, ko jikinsa ya riga ya saba da ƙwaya, ko an taɓa kama shi cikin masu ƙwacen waya ya yi wata takwas yana jiran shari'a a gidan yari ya fito da sababbin abokai, ko an sare shi a hannu, ko ya yi wa 'yar mutane ciki, ko kuma sunansa ya ɓaci a unguwa ba mai ba shi ajiyar shago balle 'ya. Shi ya shiryu amma ƙofofin sun rufe, daga nan ne wahalar girma take farawa, ba aiki ba aure ba mutunci, sai zuciya ta mutu a koma majalisar da aka baro.

Saboda haka aikinki na shekara biyu uku masu zuwa ba wai ki mayar da shi waliyyi ba ne, ki hana tarkon nan kama shi ne har hankalin ya iso. Na farko makaranta, kar ki bari a kore shi, ki je da kanki ki zauna da malamin ajinsu ki karɓi lambarsa, ku yi yarjejeniya duk ranar da bai shiga aji ba a kira ki kafin azahar ba sai ƙarshen zango ba. In ma zaman can ya gagara a canza masa wata kafin a rubuta kora. Na biyu ki san su waye abokan nan, ba da faɗa ba, ki ce ya kawo su gida su ci tuwo, za ki sha mamakin abin da za ki gane a zama ɗaya, ki san gidajensu da iyayensu mata. Kuɗin da ya ɗauka kuma ya biya, ko da aikin gida ne ko daga kuɗin kashewarsa a hankali, ba tare da an tara masa ƙanne ana kiransa ɓarawo ba. Doka kaɗan amma tsayayya, misali ƙarfe tara yana gida, in ya saɓa wayarsa ta kwana biyu a hannunki, kuma kullum haka, ba yau a yi kamar za a kashe shi gobe a share ba.

Maganar taba ki bi ta a hankali ki gano ko taba ce kaɗai, don shekarun da aka fara suna da tasiri sosai, masu bincike sun nuna cikin waɗanda suka fara wiwi suna samari wajen ɗaya cikin shida ne take kamawa su kasa bari, alhali in aka haɗa duk masu sha wajen ɗaya cikin goma sha ɗaya ne.

Babansa kuma, ki samu lokacin da ransa yake a sanyaye ki roƙe shi ya mayar da hannun nan da ya cire. Namiji ɗan 15 da ubansa ya daina yi masa magana zai nemi wani uban a bakin titi kuma wallahi akwai masu jira. Ko kasuwa ya riƙa tafiya da shi ranar Asabar ya wadatar a fara. Ke ma ki kiyaye bakinki, na san zafi ne, amma ba ka da amfani da ba za ka taɓa yin albarka ba ba su taɓa gyara kowa ba, kin fi ni sanin nauyin bakin uwa.

TAMBAYA TA BIYU

Anti ina wuni. Ɗan yayana ne marigayi, ni nake riƙe da shi, shekararsa 17. Ya yi nisa a shan kodin da wiwi, har ya fara ɗaukar kayan gida yana sayarwa, jiya ma injin markaɗen matata aka nema aka rasa. Dangi sun yi taro sun haɗa kuɗi a kai shi gidan mari ya yi shekara, ni zuciyata ba ta kwanta ba amma an ce in ban yarda ba don ba ni na haife shi ba ne. Mene ne shawararki? Daga wani magidanci a Kano.

AMSA

Malam Allah ya saka maka da alherin riƙon maraya. Zuciyarka ta faɗa maka gaskiya, ni dai ban goyi bayan a kai shi ba, kuma ba don tausayi kaɗai ba.

Mun ga abin da ya fito fili a 2019. A watan Satumba 'yan sanda suka shiga wani irin gidan nan a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawa da mari a ƙafa da tabon duka a baya, wasu suka ba da labarin lalata da aka yi da su, bayan 'yan makonni aka sake buɗe wani a Daura da wasu wuraren. Duk iyayen da suka kai 'ya'yansu can da kyakkyawar niyya suka kai, kuɗi ma suke biya. Ba na cewa kowane malami haka yake, amma kai da kake waje ba ka da hanyar sanin me ke faruwa bayan an rufe ƙyaure.

Ko da ba duka ba mari, akwai wata matsalar da mutane ba su cika lura da ita ba, tara kangararru wuri ɗaya. A Amurka an taɓa yin wani shiri tun daga 1939 a garuruwan Cambridge da Somerville, aka ɗauki yara maza ɗaruruwa aka raba biyu, rabi aka ba su masu ba da shawara da taimakon karatu da kai su sansanin hutu, rabi aka bar su haka. Bayan shekara 30 wata mai bincike Joan McCord ta nemo su, abin mamaki waɗanda aka taimaka ɗin ba su fi ba, ta wasu fuskokin ma sun fi lalacewa, kuma abin ya fi muni ga waɗanda aka yi ta turawa sansanin tare da 'yan'uwansu fitinannu. Mu da muke da karin maganar zama da maɗaukin kanwa ai bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Yaron da ya shiga da sanin kodin zai fito ya san dila uku da yadda ake buɗe kwaɗo, ga kuma ƙullin da zai riƙe ku da shi har abada cewa don ubansa ba ya raye ne.

Abin da yake damunsa ciwo ne da ke da masu maganinsa. Kuma ba shi kaɗai ba ne, binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, a 2018 ɗin ce ma cikin watan Mayu gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, amma kai ma ka san bai ɓace daga unguwa ba. Kuɗin nan da dangi suka haɗa a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, kuna da asibitin Dawanau nan kusa da ku, akwai sashen a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai na tarayya a Barnawa Kaduna, hukumar NDLEA ma tana da ɓangaren ba da shawara da gyaran hali ba kamu kaɗai take yi ba. In an ce Dawanau mutane sai su ce ai ba mahaukaci ba ne, to ba sai mutum ya yi tsirara a titi ake zuwa ba. Likita zai duba ko akwai wani abu a ƙarƙashin shan, don yaron da ya rasa uba sau da yawa baƙin ciki yake dannewa da kwalbar, kuma barin kodin farat ɗaya yana zuwa da ciwon jiki da zawo da rashin barci, shi ya sa in ba da taimako ba ake komawa. Addu'a da rubutu ba wanda ya hana, a haɗa da asibitin.

Bayan nan sai abin yi, don in ya dawo ya tarar da zaman banza da tsohuwar majalisa an yi ba a yi ba. Wani abu da aka gwada a Monrobiya ta Laberiya ya burge ni, aka ɗauki matasa 999 irin waɗanda kowa ya sallama, 'yan sata da masu sayar da ƙwaya da tsofaffin mayaƙa, wasu aka ba su horon mako takwas na yadda mutum zai riƙe fushinsa ya tsara gobensa ya kalli kansa a matsayin mutumin kirki, har aski da sa tufafi masu tsabta da shiga banki, wasu aka ƙara musu da dala 200. Bayan shekara goma aka koma, waɗanda suka samu horon da kuɗin laifukansu sun ragu da kusan rabi in aka kwatanta da waɗanda ba su samu komai ba. Waɗannan fa manya ne da suka fi ɗanka nisa. Ka nemo masa ubangida mai sana'a mai haƙuri, kafinta ko gyaran waya ko walda, wanda zai san halin da ake ciki tun farko. Injin markaɗe kuma a rubuta shi bashi a kansa. Masu cewa don ba kai ka haife shi ba, ka tambaye su cikin ladabi wa zai fara kai nasa.

TAMBAYA TA UKU

Anti ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, shekararta 14. Da yarinya ce mai fara'a, cikin wata huɗu ta koma ba ta magana da kowa sai tsawa, ta daina cin abinci sosai, ta ƙi zuwa makarantar allo ta yamma ko an doke ta, ta zagi innarmu har sau biyu abin da ba ta taɓa yi ba. Baba ya ce ido ne ya buɗe aure zai yi mata kafin ta jawo mana abin kunya. Ni ina aure a wani gari. Daga wata baiwar Allah a Maraɗi.

AMSA

Ƙanwata wannan wasiƙar taki ta fi sauran tayar min da hankali. Wannan bai yi min kama da rashin kunya ba. Yarinya mai fara'a ta juye cikin wata huɗu, ta bar abinci, kuma ta ƙi wuri ɗaya takamaimai har ta gwammace duka da zuwa can, tambayar da za a yi ita ce me ya same ta, kuma me ke can ko a hanyar can. Ba na ɗora wa kowa laifi, yana iya zama tsokanar ƙawaye, yana iya zama wani ne yake tare ta a hanya, yana iya zama abin da ya fi haka, yana kuma iya zama ciwon damuwa, wanda a yara masu tasowa sau da yawa ba da kuka yake zuwa ba, da fushi da tsiwa yake zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin matsalolin ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin ko a daidai shekara 14, kuma yawanci ba a ganewa sai an girma.

Ki nemi izinin maigidanki ki je, ko ki roƙa a ba ki ita hutu na sati biyu. Kar ki titsiye ta ranar farko, ku yi wanke-wanke tare ku yi kitso, in ta fara magana ki rufe bakinki ki saurara, kar ki yi salati da ƙarfi kar ki ce me ya kai ki, kuma ki faɗa mata tun farko duk abin da ta faɗa ba za ki bari a doke ta ba. In ta ambaci cewa gara ta mutu ko ta gaji da duniya kar ki ɗauka wasa, ku je asibiti a ranar. Kafin nan a daina tilasta mata zuwa wurin da take gudu.

Aure kuwa, da girmamawa ga Baba, ba magani ba ne ga abin da ba a san mene ne ba. In aka kai ta ɗakin miji da wannan damuwar a ƙirji za ta tafi da ita ne, sai a wayi gari tana 17 da goyo da takardar saki ana cewa ba ta da haƙuri, ga karatu ya tsaya. Ki samu wani babba da Baba yake jin nauyinsa, ƙaninsa ko limamin unguwa, a roƙe shi ya ba da lokaci a gano bakin zaren.

TAMBAYA TA HUƊU

Hajiya Anti, wani yaro ne ya fito neman 'yata, shekararsa 31, yana da shagon walda da yara huɗu a ƙarƙashinsa. Da muka yi bincike sai aka ce mana tsakanin shekara 16 zuwa 19 ya yi sara-suka har an taɓa tsare shi kwana biyu. Yanzu kowa na yabonsa amma uwar yarinyar ta ce mai hali ba ya fasa halinsa. In ba shi ko in hana? Daga wani uba a Bauchi.

AMSA

Alhaji ba ni zan yanke maka ba, 'yarka ce, amma zan faɗa maka inda za ka sa ido. A Boston ta Amurka an taɓa bibiyar yara maza 500 da aka tsare a gidajen horon yara tun wajajen 1940, daga baya wasu masana biyu John Laub da Robert Sampson suka nemo su har zuwa shekara 70. Kusan dukkansu sun bar laifi, wasu da wuri wasu a makare, kuma abin da ya fi juya masu barin da wuri shi ne tsayayyen aiki da aikin soja da auren kirki, wato abin da ya raba su da tsofaffin abokai ya ba su abin da suke tsoron rasawa. Har ma masanan suka ga cewa in ka duba takardun yarintarsu kaɗai da wuya ka iya nuna wanda zai daina da wuri da wanda zai daɗe.

To shi wannan shekara 12 ke nan da bari in lissafin da aka ba ka daidai ne, kuma shago da yara huɗu ba a dare ɗaya ake yin su ba. Binciken da aka yi muku ya tsaya a shekara 19, a ƙarasa shi. A tambayi wanda ya koya masa walda shekara nawa ya yi a hannunsa kuma yaya suka rabu. A tambayi masu kawo masa aiki ko yana cinye kuɗin ƙofa ya ɓace. Yaran shagon yaya yake yi da su in sun ɓata ƙarfe, da baki ko da abin da ke hannunsa, wannan ya fi komai nuna maka yadda zai yi da mace ranar da ransa ya ɓaci. Su wa yake zama da su bayan isha'i, tsofaffin ne ko an canza. In ya taɓa aure a ji ta bakin dangin matar. A tambaya kuma a firamare yaya yake, in tun yana ƙarami aka san shi da mugunta wannan wani lissafin ne daban da wanda zugar 'yan siyasa da abokai ta ɗebe shi yana 16. Maganar ƙwaya kuma ba kunya, tunda dama ana gwajin jini kafin aure ka ce a haɗa da na ƙwaya, wanda ya bari da gaske ba zai ji haushi ba.

Sannan ka kira shi ku zauna ku biyu ba da waliyyai ba, ka ce masa na ji kaza da kaza. Ka lura ko zai musa, ko zai ɗora wa abokai da 'yan sanda komai, ko kuwa zai sunkuyar da kai ya ce Baba an yi, ga yadda aka yi ga ranar da na bari. Ita ma yarinyar a faɗa mata komai kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, kar ta ji a bakin kishiyoyin gari bayan an ɗaura. In kun zauna ɗin ka sake rubuto min abin da ya ce, ina son ji.